Baba Maido da Koriyar Tukunyar Gas

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Talata, bayan la'asar, mu uku ne a ɗakin yayana Issaka a unguwar Nima: ni Salifu ƙanensa, matarsa Hajiya Memuna, da Malam Awudu limamin masallacinmu. Yaya ya damƙe hannuna ya ce, "Salifu, tukunyar." Na ce, "Na ji, Yaya." Sannan Malam ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa, ya cika.

Zan zo kan maganar tukunyar, amma komai da tsarinsa. Sai na fara da mutumin.

Kun san shi da Baba Maido, mai tsofaffin fanka da firji da kayan girki a bakin babbar kwata. Kun kuma san yadda yake miƙa kaya: ya riƙe gefe ɗaya, ya ƙi saki, ya zuba wa mai saye ido, ya ce, "In ya lalace ka maido. Ka yi sauri tun ina raye. Kabari babu netwok, ba a tura kuɗi ta waya daga can." Mutane suna cewa kirki ne. Ni da na tashi ɗaki ɗaya da shi na san tsoro ne. Mutumin da ke shanya ganyen shayi a igiya don ya sake tsoma shi gobe, ba kyauta ce ta dame shi ba. Haƙƙin mutane yake tsoro kamar wuta.

Ga misalai uku. Na farko, ranar da muka shiga kasuwar intanet. Ciniki ya ja baya a bakin titi, sai na ce mu ɗora kaya a manhajar saye da sayarwa. Shi ba ya taɓa babbar waya, don haka ni ne mai rubutu. Na ɗauki hoton wata fanka na rubuta, "Kamar sabuwa."

Ya ce, "Karanta mini." Na karanta. Ya dafe kai. "Inna lillahi! Salifu, kabarinka za a saka ni ko nawa? Goge. Rubuta: tana juyawa, amma tana kuka kamar akuya, kuma wuyanta ba ya waiwaye."

Na ce, "Yaya, wa zai sayi wannan?"

Ya ce, "Kurma."

Kafin magariba an saye ta. Mai sayen ya ce ya zo ne ya ga mutumin da ke zagin kayansa da bakinsa.

Na biyu, dutsen guga. Wani malamin makaranta daga unguwar Madina ya saya, ya tafi lafiya. Washegari Yaya ya tuna igiyar tana ɗaukar zafi in an daɗe. Na nuna masa dokar manhajar ƙarara: kayan hannu ne, da zarar an duba an karɓa, babu mayar da kuɗi. Ya ce, "Wanda ya rubuta dokar nan, shi zai amsa wa mala'iku a madadina?" Ya taka da ƙafa har unguwar Kanda don a rage masa kuɗin motar haya ta torotoro, ya je ya samu mutumin a gida. Mutumin na ganin tsoho ya miƙo kuɗi, sai ya ja da baya ya ɓoye hannuwa a hammata.

"Baba, don Allah tafi da kuɗinka! Dutsen yana aiki!"

"Karɓi."

"Ba zan taɓa ba! Me ka tofa a ciki?"

Ya ɗauka asiri ne. Yaya ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar mutumin, ya yi azahar a nan, ya yi la'asar a nan, sai da mai gidan hayar ya fito ya karɓa a madadinsa. Yaya ya dawo mana da dutsen a hammata, yana ƙorafin wai mutanen yanzu ba su da imani.

Na uku, wani ɗan iska daga unguwar Kawukudi ya sayi rediyo, ya kwashe kayan cikinta, ya dawo da kwangon wai ba ta magana. Na tashi zan shaƙe shi. Yaya ya ce in zauna. Ya mayar masa da kuɗinsa, ya riƙe hannunsa, ya ce a hankali, "Alhamdu lillahi, na sauke. Yanzu yana wuyanka. Ka fara jin nauyin, ko sai ka kwanta?" Da sassafe muka tarar da kayan rediyon a leda a ƙofar shago, har da batir da ba namu ba.

Yanzu tukunyar. A nan dariya ta ƙare, kuma ina roƙon ku karanta da natsuwa.

Akwai tukwanen gas biyu a shagon, korra, girmansu ɗaya. Ɗaya lafiya lau. Ɗayar tana yoyo a wuya, yoyo siriri da hanci ba ya kamawa sai ya taru a ɗaki. Yaya ya ɗaura mata jan ƙyalle ya ajiye ta gefe, zai kai wa masu sayen ƙarfe. Muka ɗora mai kyan a manhaja. Wata mata ta kira, ta zo, ta biya a hannu, ta ɗora a kai ta tafi. Da yamma Yaya ya nemi jan ƙyallen ya rasa, sai ga guntunsa a bakin akuyar maƙwabta. Ya kai tukunyar da ta rage aka zuba mata gas kaɗan, ya shafa ruwan sabulu a wuyanta. Ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Mai kyan ce ta rage. Mai yoyon ta shiga gari.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Muka kira lambar, sai wani ɗan acaɓa ya ɗauka ya ce aron waya ta yi a mahaɗar Kawukudi, bai san ta ba. Na rubuta wa masu manhajar, suka ce ba da sunanta aka shiga ba, kuma ciniki ya ƙare, babu abin da ke kanmu. Na karanta masa don ya samu sauƙi. Ya ce, "Babu abin da ke kanmu? Salifu, ka san lungunan nan. Ɗaki jikin ɗaki, yara a kwance, motar kashe gobara ba ta shiga. Ka ce musu su zo su kwana a Nima su sake faɗa."

Daga ranar ya rufe shago. Waɗanda suka gan shi yana yawo da gorar ruwan sabulu da soso, ba hauka ba ne. Duk mai tuyar ƙosai, mai waakye, wato shinkafa da wake, mai shayi, daga Nima har Kotobabi, sai ya durƙusa ya shafa wa tukunyarta kumfa. Wata ta ɗaga masa ludayi: "Kai Baba, wanka za ka yi mata?" Ya ce, "'Yata, in ta yi kumfa ki gudu, in ba ta yi ba ki zage ni." Ya sha zagi, kuma kowane zagi sai ya ce alhamdu lillahi. In jiniya ta yi kuka a titi, ko yana cin tuwo sai ya ajiye lomar ya fita ba takalmi. Hajiya ta ce ya daina barci sosai. Ciwon ƙirjin da ya kwantar da shi ya same shi ne a kan hanya, gorar tana hannunsa.

A wajen jana'iza Malam Awudu ya tambaya ko akwai mai bin mamaci wani haƙƙi. Babu wanda ya fito, wasu har da murmushi, wai Baba Maido ne za a bi? Ni kaɗai ban yi murmushi ba, don mai haƙƙin ba ta wurin, kuma ba ta ma san tana da shi ba. Yanzu ni ne ke ajiye loma in jiniya ta yi kuka.

Allah Ya jiƙan Yaya Issaka. Ya Allah, bawanKa ya ji tsoronKa a kan igiyar dutsen guga; Ka amintar da shi daga abin da yake tsoro, Ka ba shi barcin da ya rasa.

Ga roƙona gare ku. Matar doguwa ce, ta sa mayafi ruwan ɗorawa, tana haɗa Hausa da yaren Twi, ta ce za ta fara tuyar kifi. Tukunyar koriya ce, ƙarama, da lotsawa a gindi, kuma a ƙarƙashinta akwai ɗigon farin fenti, shaidar da Yaya yake sa wa duk kayansa. Yau ɗin nan, kafin a kunna wutar abincin dare, ku kifa tukunyar gidanku da ta maƙwabciyarku ku duba. In kun ga farin ɗigon, kada ku kyasta ashana. Ku fitar da ita fili, ku zo shagon bakin kwata ku tambayi Salifu. Mai kyan tana nan, kuɗinta ma suna nan, ta ɗauki duka biyun. Don girman Allah, ku maido.