Molon Kakanmu Ya Isa Jamus

"Me zan rubuta, rababa?" in ji ma'aikacin ofishin aika kaya a unguwar Anbariyya, nan ƙasa mai tsarki, yana jujjuya molon kakanmu.

Fatarsa ce ta yage, ƙanena da ke Jamus ya samo mai gyara. To, a adireshin akwai wani harafin Jamusanci mai kama da B, kwamfutar ofishin ta ƙi shi, sai ɗan akwati take nunawa a gurbinsa. Wani Basudane a layi kuma ya dage sunan abin tambur.

Baba, da ya rako ni, ya buga sandarsa, ya dubi ma'aikacin. "Ya waladi, ɗana, rubuta molo. A ƙafa mahaifina ya taho da shi daga Kano, babu adireshi, bai ɓata ba."

Na karɓi biro na zana harafin a jikin kwali yadda na gan shi a waya.

Mako biyu hankalina bai kwanta ba. Yau ƙanena ya turo hoto, molo ya isa lafiya. Baba ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Ya fi ni yawo."

Alhamdulillah. Ku fa, me kakanninku suka riƙo a hanyar Makka da har yau yake gidanku?