Fankokin da Ummaru Ya Sa wa Inna

Duk wanda ya san marigayi Ummaru direba na Ƙofar Dundaye ya san ba ya tayar da gingimarinsa sai ya gaishe ta. Zai dafa ƙofarta ya ce, "Inna, an tashi lahiya?" Ya ɗan saurara, sannan ya hau.

Ni fataucin shanu nake yi, shi yake kai mini su Kudu. Lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasa, tsararrakinsa duk suka sayi sababbin motoci. Aka yi ta ba shi baki ya rabu da Inna. Amsarsa ɗaya ce: "Kun taɓa jin an sai da uwa don ta tsuhwa?"

Ciwon Inna zafi ne. A kan tafiya lafiya lau. Amma zamanin soja ne, shinge ko'ina, ga layin motoci. Ba a kashe ta, don in an kashe sai an tura. Tana tsaye sai lagireto ya tafasa. Wata rana ya ƙwace butar ruwan shana ya juye mata.

Na ce, "Haba Ummaru! Ni fa?"

Ya ce, "Kai kana iya haɗe miyau. Ita hwa?"

A tafiyar nan muka daɗe a rana muna jiran ta huce, har bijimi guda ya durƙushe, sai yanka. Sauran fatake sun riga sun guje shi, ni kaɗai na rage. Na ce masa in aka sake haka, ni ma zan nemi wata mota. Mun san in na tafi, aikin Inna ya ƙare.

Washegarin dawowarmu na same shi a Gidan Igwai, shagon Bulus mai gyaran wayoyin mota. Ashe Ummaru ya ciro fankokin lantarki biyu daga wata ƙaramar mota da ta yi haɗari, ya ɗauko su a buhu.

Bulus ya ce, "Baba Ummaru, wutar gingimari ta ninka ta ƙaramar mota. Ƙonewa za su yi."

Ya ce, "Don haka nik kawo biyu. Su raba, kamar tuwo."

Bulus ya buɗe baki zai yi musu, sai ya tsaya ya sosa kai. "Wallahi in aka jera su a waya ɗaya, rabawar za su yi. Wa ya faɗa maka?"

"Wa zai hwaɗa min? Adalci na!"

Aka ɗaure su a jikin lagireto, aka ja makunni zuwa gaban direba. Bulus ya ce a gwada a ga ko iskar ciki suke ja ko ta waje. Ummaru ya cire hularsa ya miƙa. Fankoki suka fizge ta, ta manne. Ya juyo da sanƙonsa a rana ya ce, "Ta amshi hula. Ta yarda."

Muka yi lodin shanu, muka kama hanya. A shingen farko layi ya yi tsawo. Ya danna makunni, gaban mota ya ɗauki kuka kamar injin niƙa. Wani soja ya yi tsalle baya, ya gyara riƙon bindiga.

"Kai direba! Mene ne wannan?"

"Ranka shi daɗe, fifita nika yi ma tsohuwa."

Sojan ya leƙa, ya yi dariya, ya ce mu wuce. Inna ba ta tafasa ba, shanu suka sauka da ƙafafunsu. Ban sake neman wata mota ba har ƙarfinsa ya ƙare.

Da bazara ya yi ciwon ajali. Na zauna gefen tabarmarsa ina yi masa fifita da mafici, hannuna ya gaji, na sassauta. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Alhaji, batirinka ya yi sanyi. A kiro Bulus." Dariyar ƙarshe ke nan da muka yi tare.

Ya Allah, bawanka Ummaru bai iya ganin abu cikin zafi ya wuce ba. Ka gafarta masa, Ka sanyaya makwancinsa. Amin.