Bijimin da Bai Kai Sallah Ba

A zamaninmu gwamnati ce ke neman mai karatu. Ina gama makaranta aka kira ni, aka ba ni tikitin jirgi da kuɗin rigar sanyi, aka ja mini kunne kada in ƙi dawowa. Na zauna Alƙahira, na ga gidajen wakafi inda dukiyar waɗanda suka daɗe a kabari ke ciyar da ɗalibai. Na yi aiki a Yamai, inda ɗalibi ke jiran tallafi kamar manomi da ruwan shuka, ya yi jinkiri amma ya sauka. Da na dawo Sakkwato da furfura, sai na tarar mai karatu ne ke yawon neman wanda zai saurare shi.

Ɗiyar ƙanena ce ta hana ni zama. Ta gama digiri a kimiyyar abinci, ta yi hidimar ƙasa, ta dawo gidansu a Ƙofar Taramniya ba aiki. Sai jami'a ta ba ta gurbin digiri na biyu, da sharaɗin ta yi rajista kafin a rufe, ko a ba wani.

Fanshona ba ya ganin ƙarshen wata, amma ina ganin na san hanyoyi. Kullum da hantsi ina bayan kabu-kabu. A wani ofis aka ce tallafinsu na masu koyarwa ne. Na ƙasashen waje suna son shaidar aiki da jarrabawar Turanci, wadda ita ma sai an biya. Banki ya tambayi albashi, ga ruwa a kan bashin. Ko'ina tambaya ɗaya ce: ina take aiki? Alhali rashin aikin ne ya kai mu ƙofarsu. Na yi Turanci, na yi Faransanci a waya, ban dawo da komai ba sai ciwon baya.

Ubanta mahauci ne, kamar ubanmu. Na same shi yana wasa wuƙa.

"Yaya, ka ƙare yawon?" ya ce. "Mu mahauta ba mu ba ɗiya kuɗi ga hannu. Dabba muke ba ta."

Gaskiya ne, tun sa'ad da ta fara zancen karatun ya ɗaure mata ramammen bijimi a bayan gida. Ita ke ba shi dusa da harawa, ita ke share turken, har ya yi tozo yana sheƙi. Nufinsu a sayar da shi da Babbar Sallah. Ga shi jami'a ba ta san da Sallah ba, za ta rufe rajista tun watan bai kusa ba.

"To a kai shi kasuwa gobe," na ce.

"Dillalai su shinshino gaggawa, su taya shi kuɗin akuya? Wahalar yarinyag ga ta tafi banza?"

Na kawo zancen wani attajiri da muka yi aji ɗaya. Ya aje wuƙar.

"Gidanga ba a roƙo, Yaya. Can inda kuka yi yawo ne roƙo ke da takarda."

Tana tsaye bakin zaure da bokitin dusa. "Baffa, ku kuna gardama, ni ko kwanaki na tafiya," ta ce. Ta aje bokitin. "Mi zai hana a yi watanda da shi?"

Watanda al'adar jajibirin Sallah ce: mutane su haɗa kuɗi a yanka sa, a kasa naman kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa. Ba dillali a ciki, ba roƙo, ciniki ne. Sai dai ban taɓa jin an yi ta tsakiyar shekara ba. Ubanta ya dube ta, ya dube ni.

"Tunda kana son yawo, ga yawo ya samu."

Na sake hawa kabu-kabu, na bi tsofaffin abokai daga Mabera zuwa Gidan Igwai. Wani da muka yi aiki tare ya kwashe da dariya.

"Watanda yanzu? Ko gidanku kaɗai anka ga wata?"

"Nama na kawo maka, ba wata ba."

"Da wane haƙorin zan ci?"

Na ce bijimin ɗiyarmu ne, za ta koma makaranta. Bai ƙara tambaya ba. Ya ce a aje masa kashi, ya kuma kira surukinsa a waya. Wasu sun ce in dawo, ban sake samun su ba. Har ranar yanka akwai kashin da bai da mai shi, ina ta kai da komo tsakanin zaure da titi, sai matan unguwa suka haɗu suka ɗauka.

Yarinyar ba ta fito ba da aka kayar da bijimin. Ina jin ta a ɗaka ta ƙure rediyo. Washegari ni na raka ta banki, ta yi rajista ana gab da rufewa.

Da muka dawo, ubanta ya riga ya ɗaure wani maraƙi a wurin, ya ce na ƙanenta ne da ke shirin gama digiri. Tun daga lokacin, duk dabbar da aka ɗaure a turken nan ta karatu ce, ba ta jiran Sallah.