Furen da Chizuru Ta Kai Asibiti

Duk wanda ya shiga shagon Chizuru, mai sayar da furanni a tsallaken asibitin garinmu, ya ce fure a tukunya zai kai wa majinyaci, sai ya sha faɗa. Abin dariyar, ita kanta ta taɓa yin wannan ɗanyen aikin.

Tana 'yar shekara goma sha biyar wani littafin soyayya ya juya mata kai. Saurayin ciki ciwon ajali gare shi, budurwar kullum tana gefen gadonsa tana fere masa tuffa. Chizuru ta yi kuka har idanunta suka kumbura, ta yanke cewa soyayyar masu lafiya shirme ce. Ta duba samarin ajinsu kaf, kowa garau, sai cin shinkafa kamar gara.

Kwatsam sa'a ta faɗo mata. Noboru, wanda ko sannu bai taɓa ce mata ba, ya faɗo daga keke ya karye a ƙafa. Ta tare a asibiti, ta yi ta fere tuffa har bawan Allah ya fara ɓoye tuffar ƙarƙashin matashi. Da ta ji an kusa sallamarsa hankalinta ya tashi. In ya warke, da wane dalili za ta sake zama kusa da shi?

Washegari ta shigo rungume da fure a tukunya. Kakar Noboru ta miƙe zumbur.

"Ke 'yar nan! Mai saiwa kika kawo? So kike ciwon ya yi saiwa a jikinsa ya kasa tashi?"

"Ba har abada ba, Kaka," in ji Chizuru. "Zuwa ƙarshen hutu kawai."

Tsohuwa ta bi ta da silifa, Noboru kuwa dariya ta kusa jefo shi daga gado. Da aka sallame shi ya ɗingiso har gidansu, wai ya dawo mata da tukunyarta. Shi ne mijinta yau. Shekara da shekaru ko mura bai yi ba, tana yi masa gorin ya ɓata mata labari.

Bana aka kwantar da shi, ciwo na gaske, irin na littafin.

"To uwargida, ga labarin naki ya samu," in ji shi.

"Rufe min baki. Ba na so."

Tsohon furen yana bayan shago, ya zama ƙato. Kullum da safe sai ta yanko reshe ɗaya, ta duba gindinsa da kyau kada ko zaren saiwa ya maƙale, sannan ta tsallaka titi.