Rijiyar da Ta Saɓa wa Maƙwabtanta

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, kafin yaƙi, aikin kammala karatuna a kan ruwan rijiyoyi ne, daga unguwar Soba zuwa ta Aljirif, a bakin kogi. Abokan ajinmu biyu ne suka bi gida-gida da kwalabe suka ɗebo. Ni da shiga gidan mutane ke yi wa wuya, na zauna gaban kwamfuta. Kowace rijiya na mai da ita ɗigo a taswira, na ja zare tsakaninta da maƙwabtanta na kusa. Duk wadda gishirinta ya saɓa wa na waɗanda aka ɗaure ta da su, lissafin zai nuna ta da ja.

Guda ɗaya ya nuna, a bayan wuraren ƙona bulo na Aljirif. Maƙwabtanta duk zartsi, ita kuwa ruwanta garau. Na ƙara zare, na rage, na yanke waɗanda suka tsallaka kogi, tana nan ja. Malamin da ke duba aikina ya ce kuskuren awo ne, in goge ta. Ban iya yi masa musu ba, ban kuma goge ba. Na rubuta babi guda a kanta, cewa wata jijiyar ruwa ce daga kogi take shayar da ita. Da wannan babin nake sa ran samun gurbin karatu na gaba.

Saura mako guda in miƙa, na daure na je. Mai gidan tsohuwa ce, Bahaushiya, iyayenta sun yi aikin auduga a Jazira. Ta tuna da samarin masu kwalba. Ta ce sun iso da tsakar rana suna zufa, suka ce ruwa suke so, ta cika musu daga randa, ruwan shan da mai amalanken jaki ke kawo mata.

Na ce, "Hajja, ai na rijiyar ake nufi."

Ta ce, "Ɗana, baƙo ya tsaya a ƙofata in ba shi na rijiya, ruwan wanki? Me unguwa za ta ce?"

Na ɗebi na rijiyar da hannuna. Tun kafin a auna, harshena ya gaya mini zartsi ne, kamar na maƙwabtanta. Na cire babin, na miƙa ɗan abin da ya rage, malamin ya sa hannu. Gurbin ma ban nema ba.