Rantsuwar Illa Dillali

Kakar bana ta cika shekara goma sha ɗaya da muka kai Illa makwancinsa, a bayan ƙauyenmu da ke arewa da Filinge. Illa ɗan gwaggona ne, wato taubashina, kuma tun muna yara ban taɓa kiran sunansa ban haɗa da tsiya ba. Shi yana ce mini Mushe mai alli a gemu, don aikina koyarwa ne a lakkol, wato makarantar boko. Ni kuma ina ce masa Sarkin rantsuwa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da wani inji ya nuna mana a ɗakin awo na likita.

Illa dillalin shanu ne. Daga kasuwar Filinge zuwa ta Bonkuku da ta Damana babu wanda bai san muryarsa ba. Yakan dafa tsohuwar saniya wadda haƙoranta suka gama zubewa, ya rantse da Allah haihuwarta ɗaya tak, fuskarsa ko gezau. Masu saye sun san shi, sai su yi dariya su zubar da rabin maganarsa, a yi ciniki da sauran rabin, kowa ya tashi yana murna. Ba na kare shi, ƙarya ƙarya ce. Amma irin ƙaryar da kowa ya san farashinta ce, har mahaifiyarsa, Gwaggo Hadi, takan ce in Illa ya gaya maka ana ruwa, to ka miƙa hannu waje ka ji.

Tari ya kama shi a shekarar da ya cika arba'in. Da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, muka kai shi ƙaramar likita, wato ɗan asibitin da ke kusa da mu. Aka karɓi kakinsa aka shafa a gilashi, aka duba da madubin ƙara girma, aka ce tarin fuka ne. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya kwantar mana da hankali. Ya ce ciwo ne mai jin magani, wata shida na shan ƙwaya kullum, kuma duk wanda ya sha yadda aka ce zai tashi. Illa ya sha, ya ɗan murmure, har ya koma kasuwa. Ba a jima ba tarin ya dawo, ya fi na da. Aka sake sa shi a layi, wannan karon har da allura. Cinyoyinsa suka kumbura, kunnensa ɗaya ya fara nauyi, amma duk sanda aka duba gilashin ƙwayoyin cutar suna nan daram.

Ban ga laifin majo ba, har gobe. Abin da ya sani ya faɗa, kuma mafi yawan waɗanda ba su warke a hannunsa ba, ƙin shan maganin suka yi. Madubinsa yana nuna masa cewa cuta tana nan, ba ya nuna masa irinta. Saboda haka da ya ga mutum ya sha zagaye biyu bai warke ba, sai ya tambayi abin da kowa zai tambaya: shin yana haɗiye ƙwayar kuwa? Da a ce wani aka yi wa tambayar, da rantsuwa ta raba gardama. To Illa ne. Ya rantse, mutane suka yi murmushi. Ya ƙara rantsewa, suka ce ai dillali ne. Magidanci mai iyali ya koma sai ya buɗe baki ya ɗaga harshe a gaban jama'a kamar ɗan yaye, a tabbata ya haɗiye.

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin ya faru ne a gida. Wata rana Gwaggo ta ɗauki rigarsa za ta wanke, ta tarar da ƙwayoyi ƙulle a leda cikin aljihu. Ya ce mata na gobe ne, ya ɗauka ne don zai kwana a Bonkuku saboda kasuwa. Gwaggo ta dube shi ta ajiye rigar. Mace ce da ta bar gonarta ta koma jinyarsa, tana dama masa fura da hannunta, tana bin amalanke a ƙasa idan za a kai shi allura. A ganinta ɗan da ta yi wa wannan wahala yana kashe kansa da gangan, yana kuma yi mata irin maganar da yake yi wa baƙin kasuwa. Daga ranar ba ta fasa jinyarsa ba, amma ta daina yi masa hira.

Da ƙarfinsa ya ƙare, ya nemi gafarar kowa kamar yadda ake yi. Matarsa ta yafe, ni na yafe, abokan kasuwa suka zo suka yafe. Da aka zo kan Gwaggo sai ta ce:

"Ka hwaɗa mini gaskiya tukuna. Ka ce ba ka sha ba, in yahe maka yanzu-yanzu."

Ya ce, "Inna, wallahi na sha."

Ta tashi ta fita. Na matsa kusa da shi na ce, "Kai Sarkin rantsuwa, mi ad da wuya nan? Ka ce mata ka zubda ko da guda ne, ta yahe maka, kowa shi huta." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Mushe, na yi ƙarya bisa shanun mutane. Ba ni yin ta bisa raina, ga ni bakin kushewa."

Gwaggo ta ɗauka akwai sauran lokaci. Ta yi niyyar ta bar shi ya kwana biyu da maganar, ko ya sauko. Washegari da hantsi tana wurin rijiya rai ya yi halinsa. Tun daga nan, idan aka ambaci Illa sai ta ce Allah ya jiƙan Musulmi, ta kau da zance. Ba ta taɓa cewa ta yafe ba, ba ta kuma taɓa cewa ba ta yafe ba. Mu da muka san nauyin bakin uwa, abin ya zauna mana a ƙirji shekara da shekaru.

Illa ya bar ɗa namiji, Sani, wanda ɗaki ɗaya suke kwana da shi duk tsawon jinyar. Yanzu Sani ya zama saurayi, shi ke riƙe da gonar gidan. Da aka gama yankan hatsi bana ya fara tari da zufa, yana ramewa. Ya ɓoye, don ya ga yadda aka yi da ubansa. Da ƙyar na ja shi zuwa babbar likita, inda yanzu akwai injin da ba mu taɓa jin labarinsa ba a zamanin Illa.

Injin bai fi akwatin tufafi girma ba. Matar da ke aiki da shi ta gauraya kakin Sani da wani ruwa, ta zuba a ɗan ƙaramin gwangwanin roba, ta saka a ciki ta rufe. Da ta ga na tsaya ina kallo kamar baƙauye, sai ta yi mini bayani. Ta ce kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da rubutun halittarta a cikinta, wanda take gada daga wadda ta haife ta. Injin yana ɗauko ɗan guntun rubutun nan ya yi ta riɓanya shi har ya kai yawan da za a iya karantawa. Da haka yake gane ko tarin fuka ne, ko da ƙwayoyin kaɗan ne, ya kuma gane ko babban maganin da aka saba bayarwa zai ci ta. Na ce a raina, madubi yana ganin saniya ta shiga gona ne kawai, wannan kuwa yana karanta shaidar da ke cinyarta.

Kafin la'asar awo ya fito. Tarin fuka ne, kuma irin wanda ba ya jin maganin farko. Lokotoro, wato babban mai duba marasa lafiya, ya tambayi Sani ko ya taɓa shan maganin tari a da. Ya ce ko sau ɗaya. Ya tambaya ko wani a gidan ya taɓa yin ciwon bai warke ba. Na ba shi labarin Illa. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, tunda wanda ya mutu ba a auna shi da injin ba. Amma cutar takan kwanta a jikin yaro shekaru kafin ta tashi, kuma wanda bai taɓa shan magani ba, a wurin wani ya ɗauko irin wannan. In ta ubansa ce, to da uban ya sha ƙwayar nan buhu guda ba lallai ta tashe shi ba.

Na fito na zauna a gindin itacen bedi, na rasa abin da zan ji. Na yi ta tunanin abin da Illa zai ce da ya ga injin nan. Na san da farko zai zagaye shi, ya ƙwanƙwasa, ya tambayi shekarunsa, ya ce abin da ba a iya ciniki da shi ai kashe kasuwa zai yi. Bayan ya gama wasan, ina jin zai tambayi inda injin yake sa'ad da ake sa shi ɗaga harshe. Ko yau ma injin sai da wuta, gwangwanayen sukan ƙare a jira wasu daga Yamai babban birni, kuma hanyoyin ƙauyukanmu ba kowace rana ake bin su ba saboda halin da ƙasar take ciki. Akwai masu tari da yawa a yankinmu na Kurfai waɗanda kakinsu ba zai taɓa isa ɗakin nan ba. Sani dai an sa shi a wani magani daban, mai tsawo da wahala, kuma an ce ana warkewa. Muna roƙon Allah.

Saura Gwaggo. Ta tsufa ƙwarai, idanunta sun dushe. Na daɗe ina juya maganar, domin ba yadda zan wanke ɗanta ba tare da na gaya mata abin da ke ƙirjin jikanta ba. Na same ta da rana a inuwar rumbu tana ɓare wake da lalube, na faɗa mata duka, har da cewa lokotoro bai rantse ba. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"To shina sha ke nan?" in ji ta.

Na ce, "Haka alama ta nuna, Gwaggo. Yanzu ki yahe mashi."

Ta juyo da fuskarta wajena. Sannan ta ce, "In yahe mashi mi? Bai yi mini komi ba. Ni ce zan roƙe shi. Ina zan same shi?"

Ban ga hawaye ba, da ma na gani da ya fi mini sauƙi. Ta tura ƙwaryar gefe ta nemi in kama ta zuwa ɗaki.

Idan na auna abin da ya rage na Illa, ba shi da yawa. Bai bar garke ba, dillali shanun wasu yake kaɗawa. A kasuwa har yau ana maimaita ƙaryace-ƙaryacensa ana dariya, kuma shi ma da zai so haka. Gaskiyarsa guda ɗaya da ya riƙe har ya rasa gafarar uwarsa a kanta, ba wanda ya ajiye masa ita sai ciwon da ya kashe shi, a ƙirjin ɗansa. Ina kewarsa ƙwarai, kuma abin yana yi mini ciwo fiye da shekarar da ya mutu. Allah ya jiƙan Illa, ya ba Sani lafiya.

Yanzu kowace safiya Gwaggo ce ke zama kusa da Sani idan zai sha maganinsa. Matar Illa ta ce mata ta sa hannu ta taɓa bakinsa, ta tabbata ya haɗiye, tunda ba ta gani. Ta ƙi. Tambayarsa kawai take yi, "Ka sha?" In ya ce ya sha, sai ta ce to.