Kwat ɗin Kaka

Duk lokacin da na buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, warin kafur ne ke fara tarbata, sannan wani wari na tsohon ulu da ya sha ruwan sama. Kwat ce a ciki, baƙa, mai nauyi, maɓallanta ba iri ɗaya ba ne. Idan kai mai kallon finafinan Hausa ne tun zamanin kaset, ka san kwat ɗin nan. Ka gan ta a jikin tsohon maigadin nan mai cika baki, wanda yake rantsuwa ya taɓa kama ɓarayi bakwai da hannu ɗaya, amma da kyanwa ta motsa sai ya haye katanga. Mutumin da ya yi ta ba ka dariya a cikinta mahaifina ne. Kwat ɗin kuwa asalinta ta kakana ce.

A unguwar Dutse Uku ta Jos na tashi, a gidan Kaka, gida mai zaure ɗaya da shingen kerana ta baya. Kaka ya yi ƙuruciyarsa a haƙar kuza. Tun yana ɗaukar kwanon ƙasa a kafaɗa har ya zama helima, shugaban leburori, a can aka ba shi kwat ɗin saboda sanyin ramuka. Aikin ya bar masa tari mai kauri da kafaɗa ɗaya da ta sauka ƙasa, don haka idan yana tafiya sai ka ga kamar yana sauraren wani abu a gefensa. Baba kuwa tela ne, shagonsa na Nasarawa Gwom, da keken ɗinki ɗaya da dogon madubi jingine da bango.

Baba ɗan fari ne, kuma Kaka mutum ne mai riƙon kunya irin ta da. Ban taɓa jin ya kira sunan Baba ba. Ban taɓa ganin sun zauna a tabarma ɗaya ba. Da safe Baba yakan durƙusa a bakin zaure ya yi gaisuwa, Kaka ya amsa yana kallon carbinsa. In akwai magana, ta bakina take bi, domin ni jika ce, kuma tsakanin jika da kaka babu shamaki. Yana ce mini amarya, ina ce masa tsohon ango marar haƙori. "Amarya," zai ce, "gaya wa mutumin can a gyara indararo kafin ruwa ya sauka." Mutumin can kuwa yana tsaye taku huɗu daga inda muke, yana jin komai.

Wasan kwaikwayo ya samu Baba ne a shago. Ma'aikatan gidan talabijin suna kawo masa ɗinki, yana auna su yana kwaikwayon muryoyin mutanen kasuwa har sai sun riƙe ciki. Suka ja shi cikin wani shiri da ake nunawa ranar Lahadi da yamma. Ranar da za a fara ɗauka, aka ce ya zo da kayan da suka dace da maigadi. An yi dace kwat ɗin Kaka tana rataye a shagonsa, an aiko a sake mata shafi. Ya ɗauka ya saka. Ya tsaya gaban madubi, ya sauke kafaɗa, ya yi tarin nan mai kauri, ya karkata kai. Daga ranar Jos ta samu abin dariya.

Mu yara a gidan maƙwabciyarmu muke kallo, wata malamar asibiti Kirista da muke ce wa Mama, ita kaɗai ke da talabijin a layinmu. Falonta kan cika har taga. Ni dai nakan zauna a gaba, domin ni ma 'yar fari ce, kuma Baba ya gaji kunyar ubansa. A gida "ke" yake ce mini, ba ya wasa da ni. A cikin akwatin talabijin ɗin nan ne kawai nake ganin haƙoransa duka.

Kaka bai san kome ba, sai wata rana da damina ta yi nisa. Ya sa kwat ɗinsa ya fita zuwa Tina Junction sayen goro. Direbobin tasi suka hango tafiyar, suka hango kwat. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Oga maigadi, ɓarayi nawa yau?" Tasha ta kwashe da dariya, yara suka biyo shi suna tari irin nasa. Wani mai shayi ne ya ja shi gefe ya yi masa bayani.

Ya dawo bai sayi goron ba. Ya cire kwat ya ninke ya zauna a kai. Da Inna, mahaifiyata, ta jera kwanukan tuwo a zaure, ya miƙa sandarsa ya ture kwanon Baba gefe guda.

"Amarya, gaya wa mutumin can, na ji abin da ya mai da ni. In an sake ganinsa cikin akwatin nan, ba da yawuna ba."

Baba ya ɗauki kwanonsa ya shige ɗaki. Washegari ya je ya yi sallama da shirin. Makonni suka yi ta wucewa, gidan talabijin na maimaita tsofaffin wasanni, shi kuma yana taka keke daga safe har magariba. Ya daina kwaikwayon kowa. Abincinsa a ɗaki yake ci. A cikin wannan hali ne wasu masu shirya fim na kaset suka zo daga Kano, suna son maigadi a fim ɗinsu. Za su koma ranar Litinin. Na ji Baba yana ce musu a soro, "Ina so kamar raina. Amma tsoho bai sa albarka ba, kuma ni ba zan iya tsayawa gabansa in roƙa ba." Gaskiya ya faɗa. Shekara talatin da wani abu bai taɓa yi wa ubansa jimla uku a jere ba.

Ina da shekara tara a lokacin, kuma na san abu ɗaya: Kaka bai taɓa ganin wasan ba, labarinsa kawai ya ji. Duk Lahadi Mama ce ke ba shi maganin tari, ni nake karɓowa. Wannan Lahadin na ce masa Mama ta ce sai ya zo da kansa ta saurari ƙirjinsa. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini.

"Ni in shiga gidan da akwatin shaiɗan yake?"

"Ashe angon nawa matsoraci ne. Ramin kuza bai ba ka tsoro ba, sai akwati? To na fasa auren, saurayi zan nema."

"Wa zai kwashe ki, da wannan baki kamar reza?" Amma ya jawo takalmansa.

Muna shiga hadari ya haɗo ta bayan duwatsu. Kafin Mama ta gama mamakin ganinsa, ruwa ya tsinke da ƙanƙara, tana dukan kwanon rufi kamar ana watsa tsakuwa. Ba hanyar fita. Ta ba shi kujera, ta kawo masa gwate mai zafi, faten mutanen Jos, yara suka matsa. Sai ga kiɗan shirin ya tashi.

Wasan da aka maimaita ranar shi ne wanda maigadi ya kama ɓarawon kaza. Ya yi ta zagaye shi da kulki yana cika baki, ƙafafunsa na rawa, falon kuwa ana ta faɗuwa da dariya. Can maigadi ya lura ɓarawon yana karkarwa don sanyi da yunwa. Ya zage shi tas, ya tura masa kwanon tuwonsa, ya ci gaba da zagi, ya cire kwat ya yafa masa, ya ce, "In ka mutu a nan wa zai ɗauke ka? Ni bayana ciwo yake." Na saci kallon Kaka. Haka yake yi, haka dai, ga duk leburan da ya zo ƙofarmu da hannu wofi: faɗa a baki, tuwo a hannu.

Mama ta ce wa Kaka, da irin Hausarta, "Baba, ba kai ne muna dariya ba. Kowa ya ga shi, baban shi ne ya tuna. Ni ma baba na haka ne."

Kaka bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Da ruwa ya tsagaita muka fito, muna tsallake kwata har zaure. Ya ɗauki kwat ɗin ya daɗe yana shafa sabon shafin da Baba ya yi mata. Baba na tsakar gida yana alwala, bayansa gare mu.

"Amarya," Kaka ya ce da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, "gaya wa mutumin can, kafaɗar hagu ce. Shi dama yake saukewa. Hagu kwanon kuza ya cinye. Duk shekarun nan yana kallona bai gane ba?"

Daga baya na fahimci kuskuren. Baba bai taɓa tafiya kafaɗa da kafaɗa da ubansa ba. Daga gaba yake ganinsa kullum, lokacin gaisuwa, don haka ya ɗauke shi a juye, kamar hoto a madubin shago.

Kaka ya ɗora mini kwat ɗin a hannu, nauyinta ya kusa kayar da ni. "Kai masa. In zai yi, ya yi daidai. Kano ba sanyi, amma ya tafi da ita." Ya juya ya fuskanci bango, ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Allah ya yi albarka."

Baba ya karɓa da hannu biyu, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa, ko kuma ba ruwan alwala ba ne, ban sani ba. Da Inna ta kawo tuwo, Kaka ya sa sanda ya jawo kwanon Baba ya mai da shi cikin jeri.

Sauran labarin kun fi ni saninsa. Finafinai suka yi ta fita, hotonsa ya cika shagunan kaset, mutane suna tare shi a tasha su ce sai ya yi musu tarin. Kaka bai sake kallon wasansa ba har ya rasu, amma duk wanda ya dawo daga Kano sai ya tambaye shi ko an ga mutumin can lafiya. Ranar da Baba ya bi shi gidan gaskiya, layinmu bai ɗauki jama'a ba. Lokacin rikice-rikice sun riga sun raba unguwanni, Mama ta daɗe da tashi zuwa wani gefen gari, amma ta zo da sandarta ta zauna kusa da Inna har aka share makoki.

Yanzu a gidan rediyo nake aiki, kalmomi ne sana'ata, kuma ɗan farina da sunansa nake kiransa, muna hira kamar abokai. Ban ce hakan ya fi ba, ban ce ya kasa ba. Na dai san an yi wasu mutane biyu da suka ƙaunaci juna shekaru masu yawa ta bakin yarinya ƙarama.

Guntayen wasannin Baba suna yawo a wayoyi yanzu, yaran da ba a haifa ba lokacin suna tura wa juna suna dariya. Rannan ɗana ya nuna mini wani, tsoho sosai, marar launi. Ya ce me ya sa ni ba na dariya. Na ce masa kafaɗar nake kallo. Wannan dama ce, kafin albarka ke nan. Na ce ya nemo mini na hagu.